Hukuncin Nas Da Ta Gabatar Da Wasu Marasa Lafiya A Kan Wanda Ya Riga Su Zuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni nas ce a ɓangaren taimakon gaggawa na wani asibiti a nan Zariya. Wani dare muna duti, mu biyu da likita ɗaya, gadaje sun cika har ana kwanciya a tabarma, aka kawo wani dattijo bayan Magariba da ciwon ciki. Na ba shi benci ya zauna. Ba a jima ba aka kawo mutum biyar da suka yi haɗarin mota a hanyar Kano, muka koma kansu. Wajen ƙarfe sha ɗaya maƙwabciyata ta zo da ɗanta yana zazzaɓi, na shigar da shi. Dattijon ya rasu kafin Asuba, ɗansa ya yi mini Allah ya isa. Wani malami a unguwarmu ya ce wanda ya riga zuwa shi ke da haƙƙi, don haka kisan kuskure na yi, sai na yi azumin wata biyu a jere. Malam, barci ya gagare ni.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, ya ba iyalansa haƙuri. 'Yata, rashin barcin nan shaida ce cewa zuciyarki da rai, amma kada ki bari ya rikiɗe ya zama waswasin da zai raba ki da aikin da al'umma ke buƙata.

Masu haɗarin nan da kika gabatar, daidai kika yi, kuma muna fata miki lada. Malamin unguwarku, Allah ya saka masa da niyyarsa, ya yi kuskure a nan, kuma zan tsaya a kan maganarsa domin na sha jin ta a bakin mutane. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce hadisin da ke cewa Mina masaukin wanda ya riga zuwa ne, da makamantansa. To, waɗannan nassoshi suna magana ne a kan abin da mutane suka yi tarayya a cikinsa kuma buƙatarsu ta zo ɗaya, kamar wurin zama a masallaci ko a kasuwa. Alhajin da aka riga shi wuri a Mina zai matsa gaba ya sami wani. Wanda jini ke kwarara daga cinyarsa fa, ina zai matsa?

Kuma abin nan yana cikin littafin da muke karantawa a zaurukanmu na cikin birni. Shehu Khalil, a babin alƙalanci na Mukhtasar, da ya zo tsara yadda alƙali zai saurari masu ƙara idan sun taru, cewa ya yi a fara da matafiyi da abin da ake tsoron kuɓucewarsa, sannan wanda ya riga zuwa, idan an rasa abin rarrabewa a yi ƙuri'a. Kin ga riga zuwa a mataki na biyu yake. Idan ana tsallake layi saboda kayan da za su lalace kafin a gama shari'a, ai rai ya fi cancanta. Tantancewar da aka koya muku, ta raba majinyata zuwa masu alamar ja da ruwan ɗorawa da kore gwargwadon haɗarin da suke ciki, ba baƙuwa ba ce a fiƙihunmu. Da za a bi maganar malamin nan, sai a bar mace mai zubar jini bayan haihuwa tana jiran a gama da mai mura don ya riga ta yankar kati. Babu malamin da zai sa hannu a kan wannan.

Inda hukuncin yake juyawa shi ne ɗan maƙwabciyarki, kuma na lura a gurguje kika wuce wurin. Me ya sa kika shigar da shi? Idan yaron yana jijjiga ne, ko ya suma, ko numfashinsa na sarƙewa, hukuncinsa ɗaya da masu haɗari, sanayya ba ta rage masa haƙƙi. Idan kuwa zazzaɓi ne da zai iya jira, kunyar uwarsa ce ta sa kika tsallake dattijon, to wannan cin amana ne, kuma tuba ta wajaba a kanki ko da dattijon ya tashi garau ya koma gida. Ke kaɗai kika san amsar. Sai tambaya ta biyu: daga Magariba zuwa sha ɗaya, kin auna jininsa da bugun zuciyarsa? Kin sake leƙa shi? Kun fi ni sanin cewa ciwon zuciya a tsofaffi da masu ciwon suga yakan zo a sifar ciwon ciki, kuma dattijon Bahaushe ba ya raki, sai ya dunƙule cikin babbar riga yana salati a hankali alhali yana tafiya.

Maganar kaffara da diyya ba a yanke ta a ƙofar gida bayan sallar Isha'i. Gaskiya ne Malikiyya sun tsananta a kan wanda ya bar ceton rai alhali yana da iko, har sun ɗora lamuni, wato ɗaukar alhakin ran, a kan wanda ya hana zaren ɗinke raunin ciki har mai raunin ya mutu. Amma sharaɗin shi ne iko, ke kuwa hannu biyu gare ki. Sai likitoci sun duba fayil sun tabbatar jinkirin da ke kika jawo, ba cunkoso ba, shi ya kai ga rasuwar, sannan a je gaban alƙali. Kafin nan azumin wata biyu bai hau kanki ba.

Ki rubuta abin da ya faru a daren yadda yake, ki miƙa wa shugabanninki, kada ki gyara lokaci ko ki ƙara awon da ba ki yi ba, domin wannan zai fi laifin farko muni. Ki sanar da su a rubuce cewa nas biyu ba sa isa. Ta'aziyya kuma ki je tare da wani babba daga wurin aikinki, kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki riƙe ɗan mamacin a zuci, zafin rashin uba ne. Daga yau idan ɗan'uwa ko maƙwabci ya zo, ki ce wa abokiyar aikinki ta tantance shi. Kuɗin goro don a shigar da wani kuwa rashawa ce, ba saɓani.

Ina kuma jan kunnen masu asibitoci: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma Shari'a ta riga ta hanawa. Mu jama'a kuma, mai ƙaramin ciwo ya nufi asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu da rana, ya bar gadon ga wanda aka ɗauko ranga-ranga. Mai rakiyar majinyaci idan ya ga jikin ya sauya, ya tashi ya faɗa wa nas da ladabi, ya sake faɗa, kada kara ta sa ya zauna shiru a benci.

Wallahu a'alam.