Iya Moodle kaɗai ba zai ba ka ragamar karatun intanet ba

Ka tambaye ni, ɗana, ko ƙwarewarka a Moodle da Canvas, manhajojin da ake koyarwa da su ta intanet, ta isa a damƙa maka shirin digiri na intanet. Ba ta isa ba. Manhaja akwai masu kula da ita. Abin da za a tuhume ka a kai shi ne ɗalibi nawa suka kai ƙarshe cikin waɗanda suka yi rajista, kuma ko hukumar tantance jami'o'i ta amince da takardarsu.

Ka fara koyar da aji ɗaya ta intanet zango biyu ko uku, sannan ka shiga tsara kwas, sannan ka riƙe shiri guda. Kafin a ba ka wannan muƙami, digiri na biyu dole ne a yawancin jami'o'i, wasu ma sai na uku.

Kwas daga ƙarshe ake tsara shi. Rubuta abin da ɗalibi zai iya yi idan ya gama, sai jarrabawar da za ta auna hakan, sai darussa. Ka ba malami wata 4 zuwa 6 kafin buɗe zango, kada ya kasance yana koyar da mako na uku yana rubuta na huɗu.

Lissafin nauyi kuwa, nan ake yawan tuntuɓe. A ECTS, tsarin auna nauyin karatu na jami'o'in Turai, kiredit ɗaya (ma'aunin nauyin kwas) awa 25 zuwa 30 ne na aikin ɗalibi. Kwas mai kiredit 5 cikin mako 12 ya haura awa 10 a mako ke nan. Ɗalibanka galibi ma'aikata ne masu iyali. Idan ka haɗa musu kwas uku a zango, ka ɗora musu awa 30 bayan sun tashi aiki. Za su zame ɗaya bayan ɗaya, a ce ragwanci ne, alhali lissafinka ne ya kuskure.

Laccar awa biyu da aka ɗauka a aji kada ka loda ta haka. A yanka ta minti 6 zuwa 10, a sa rubutu a ƙasan bidiyon, a haɗa da takarda don mai raunin intanet.

Makonni biyun farko su ne ran shirin. Kowace safiya ka buɗe rahoton shiga. Wanda ya yi kwana 7 bai leƙo ba, a kira shi a waya, domin saƙon imel ba ya dawo da wanda ya fara karaya. Tambaya a amsa ta cikin awa 48, aikin gida a mayar da shi da gyara kafin a ba da na gaba. Open University ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, tana haɗa ɗalibai da mai kula da su a ƙananan rukunoni, kai ma kada ka wuce 25 ga malami ɗaya.

Kafin a ɗauki bidiyo ko ɗaya, a rubuta wa ya mallake shi, malamin ko jami'a, da ladan awannin da ya ɓata wajen shiryawa.