Amsoshin Tambayoyinku: Wane Wasan Bidiyo Ne Ya Cancanci Kuɗina?

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Kwamfutata ta tsufa, ba ta ɗaukar manyan wasanni, kuma ba ni da datar zama a intanet. Ina son wasan da zai sa ni tunani, wanda zan iya gamawa tsakanin lacca da lacca. Me zan saya?"

Malam, abin da ya dace da kai yana cikin wasannin da ƙananan masu ƙirƙira suke yi da kansu, mutum ɗaya ko 'yan kaɗan, ba tare da wani babban kamfani ya zuba musu jari ba. Da yake ba su da kuɗin ƙawata hoto, sai su zuba basirarsu a kan dabarar wasan, shi ya sa yawancinsu ba sa wahalar da tsohuwar na'ura. Wanda zan nuna maka shi ne Desktop Dungeons, na kamfanin QCF Design da ke birnin Cape Town a Afirka ta Kudu. Ya ci kyautar iya tsara wasa a bikin Independent Games Festival na 2011, kafin cikakkensa ya fito a 2013.

A cikinsa kana jan jarumi ɗaya a wani kurkukun ƙarƙashin ƙasa da duhu ya lulluɓe. Dodannin da ke ciki suna tsaye ne a wurarensu, kowane da lambar matakinsa, kuma burinka shi ne ka kashe babbansu, wanda yake mataki na 10, alhali kai daga mataki na 1 ka fara. Babbar hanyar da jarumin yake warkewa daga rauni ita ce buɗe wurin da bai taɓa gani ba, saboda haka duhun nan shi ne rumbunka. Sabon shiga yakan ruga ya buɗe taswirar gaba ɗaya don ya ga abin da ke ciki, sai ya tsinci kansa a gaban babban dodo babu sauran abin jinya. Haka kuma idan ka raunata dodo ka ja da baya don ka warke, shi ma yana warkewa, don haka sai ka yi lissafi kafin kowane sara. Kashe wanda ya fi ka mataki yana ba da lada mai yawa, hawa sabon mataki kuma yana cika maka lafiyarka nan take. Wannan ne ya sa gwanaye suke barin ƙananan dodanni a ajiye, sai faɗa da babban ya yi tsanani su juya su kashe guda biyu ko uku, su hau mataki, su dawo da cikakken ƙarfi. A ganina ya fi kusa da dara fiye da wasannin harbe-harbe, kuma zagaye ɗaya ba ya cin lokaci mai tsawo.

Akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka biya. A cikin kurkukun akwai wuraren bauta na wasu gumakan ƙage, waɗanda jarumin zai iya bi don samun ƙarfi. Ana iya wucewa a ƙyale su, amma suna cikin tsarin wasan, kuma idan zuciyarka ba ta kwanta da hakan ba, gara ka sani tun yanzu. Sannan an sabunta wasan a 2023 da sunan Desktop Dungeons: Rewind, mai hoto mai nauyi, don haka ka duba abin da yake buƙata daga kwamfuta kafin ka zaɓe shi a kan na 2013.

Wata uwa daga Maraɗi kuma ta ce: "Ɗana mai shekara 12 yana sauke wasannin kyauta a wayata, talla ta yi musu yawa, kuma kullum yana roƙon in saya masa wani abu a ciki."

Hajiya, irin waɗannan wasanni da talla da sayayyar ciki suke cin abinci, shi ya sa aka gina su yadda yaro zai riƙa jin wani abu ya rage masa. Wasan da ake biya sau ɗaya ya fi miki sauƙi. Ki duba Baba Is You, na Arvi Teikari ɗan ƙasar Finland, wanda ya fito a 2019. Baban da ke cikin sunan ba mahaifi ba ne, wata 'yar farar halitta ce. Dokokin kowane mataki an rubuta su ne a matsayin kalmomin da ake turawa, ta yadda idan jimla ta ce bango yana tare hanya, yaro ya ture kalma ɗaya daga cikinta, sai ya ratsa bangon. Yana buƙatar ɗan Turanci kaɗan, kuma yana yin wuya sosai daga baya, har babba ma sai ya yi gumi. Stardew Valley na Eric Barone, wanda ya fito a 2016, wasan noma ne da kiwo da kamun kifi, sai dai akwai mashaya da neman aure a cikin ƙauyen, don haka ki fara leƙa shi da kanki. Ki kuma shiga saitin Google Play ki sa ya riƙa neman kalmar sirri kafin kowace sayayya.

Wani ya tambaya ko ya saya yanzu ko ya jira ragi. Ka jira, domin Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta a intanet, yana yin babban ragi a wajen ƙarshen Yuni da kuma ƙarshen Disamba, kuma tsofaffin wasanni irin waɗannan sukan faɗi ƙwarai. Idan ka saya a Steam wasan ya ƙi tashi a kwamfutarka, kana iya neman a mayar maka da kuɗinka cikin kwana 14, muddin ba ka buga shi ya kai awa biyu ba.