Aikatau Nawa Harshen Almara Ke Bukata Don Magana?

Malama, kin tambaya ko aikatau guda ɗaya zai wadatar wajen magana a harshen da kike ƙirƙira wa mutanen littafinki na almara. A ganina ba zai wadatar ba, domin harsuna da dama suna raba furta zance da yin magana ita kanta. Hausa tana da "ce" mai ɗauko abin da aka furta, da "gaya" mai neman wanda aka gaya wa, da kuma "yi magana" wadda ke tsayawa da kanta. Esperanto, ƙirƙirarren harshen da L. L. Zamenhof ya fitar a 1887, shi ma ya raba "diri" (ce) da "paroli" (yi magana), haka nan Marc Okrand ya bai wa Klingon, harshen da ya ƙirƙira don fina-finan Star Trek, "ja'" (gaya) da "jatlh" (yi magana).

Abin da ya fi cancantar lokacinki shi ne yadda mutanenki ke nuna tushen labari. Idan kin zauna a kasuwar Mile 12 ko Agege a Legas, za ki ji Bahaushe ya ce "wai" don ya nisanta kansa daga zancen da bai gani da idonsa ba, Bayarabe kuma ya sa "pé" kafin ya kawo maganar wani. Turkanci yana liƙa "-miş" a jikin aikatau saboda wannan manufar. Idan fadar sarkinki cike take da masu tsegumi, ki ba su irin wannan ɗafin, sannan ki keɓe wani aikatau dabam wanda sarki kaɗai ke amfani da shi idan yana ba da umarni, har talaka ya zama ba ya da hurumin furta shi.