Tambaya da Amsa: In Kafa Allon Hana Shiga da Bindiga a Ƙofar Kantina?

Wasiƙun wannan makon daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka fito, kuma duk a kan bindiga.

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan kanti a Houston, jihar Texas, ina sayar da kayan abincinmu na gida: manja, garin kwaki, kuka, daddawa, busasshen kifi. Kwanan baya wani ya shigo da ƙaramar bindiga saƙale a ƙugu, a fili, ya sayi citta, ya biya, ya fita. Bai yi wa kowa komai ba, amma uwargida da ke zaune wurin karɓar kuɗi ta ce tun ranar gabanta ke faɗuwa. Na ga ana sayar da sitika mai hoton bindiga an ja mata jan layi, da arha. In saya in manna, ko zan kori masu ciniki? Daga mai kanti, Houston.

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka, a gaida Hajiya da jin tsoro.

Kanti naka ne, kuma kana da ikon hanawa. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, mai kare 'yancin mallakar makami, wanda aka amince da shi a 1791, hannun gwamnati ya ɗaure, bai ɗaure na mai shago ba. Amma waccan sitikar, ka riƙe kuɗinka. A Texas, ga wanda yake da lasisin ɗaukar bindiga, hoton nan ado ne kawai. Zai kalla ya wuce, kuma bai karya doka ba.

Dokar laifuffuka ta jihar alluna uku ta sani, kuma masu bindiga da lambobinsu suke kiransu. Allon 30.06 yana hana mai lasisi shigowa da bindiga a ɓoye cikin riga. Allon 30.07 yana hana shi shigowa da ita a fili, abin da jihar ta halatta daga 1 ga Janairun 2016. Sai 30.05, mai hana marar lasisi shigowa da ita, wanda ya zama dole tun 1 ga Satumban 2021, ranar da Texas ta yarda baligin da doka ba ta haramta masa ba ya ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Kowane allo da lafazin da doka ta tsara, da Turanci da Sifaniyanci, tsayin kowane harafi aƙalla inci ɗaya, launin rubutu ya bambanta da na allo, a inda mai shigowa zai gani. In ka kafa duka ukun, rabin gilashin ƙofarka ya tafi, sai ka nema wa tallan manja wani wuri. Kada ka rubuta da hannunka, kada ka rage girma don ya yi kyau. Akwai masu bindiga da ke tsayawa su duba harafi, in bai cika ba su shige abinsu.

Mai lasisin da ya tsallake allo ingantacce, tararsa ba ta wuce dala 200 ba. Laifin yana girma ne idan ka ce masa da baki ya fita ya ƙi. Nan ana maganar ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Ka ga ashe bakinka ma allo ne. Sai dai ba na son Hajiya ta tsaya cacar baki da mai makami. In ya ƙi fita, waya za ta ɗauka ta kira 'yan sanda.

Batun ciniki kuwa, eh, za ka rasa wasu. Masu bindiga suna da shafukan intanet inda suke jera sunayen wuraren da suka kafa allo don a ƙaurace musu. Wasu har ɗan kati suke bugawa, su ajiye wa mai shago a kan tebur, ma'anarsa: ka hana bindigata, ka hana kuɗina. Shi ya sa manyan kamfanoni suke taka-tsantsan. A 2013 shugaban Starbucks, Howard Schultz, wasiƙa ya rubuta yana roƙon jama'a su daina shigowa da bindiga, ya kuma faɗa a fili cewa roƙo ne, ba haramci ba. Chipotle da Target sun bi sahu a 2014, bayan masu fafutukar 'yancin riƙe bindiga sun riƙa shiga da dogayen bindigogi suna ɗaukar hoto. Walmart ma, bayan harin da aka kai shagonsa na El Paso a watan Agustan 2019, wanda ya ci rayuka 23, abin da ya nema shi ne a daina ɗaukarta a fili. Ta ɓoye bai taɓa ta ba.

To amma kai ba Walmart ba ne. Mutum nawa cikin masu zuwa neman kuka da daddawa ne za su yi fushi saboda allo? Da ni ne, 30.07 da 30.05 zan saya, in bar 30.06. Abin da ya tayar wa Hajiya da hankali gani ne, kuma waɗannan biyun sun kawar da ganin. Mai lasisi da ya ɓoye tasa, an riga an binciki tarihinsa, ya yi darasi, kuma ba za ku ma san da ita ba. Abu ɗaya dai kada ka ruɗi kanka da shi: ɗan fashi ba ya tsayawa karatu a bakin ƙofa. Kuɗin tsaro na gaske a kan kyamara, fitila mai haske a waje, da rage tsabar kuɗi a aljihun tebur za ka kashe shi.

Malam, ina aikin dare a gidan mai a Dallas, sau biyu ana tare ni, shi ya sa na yi lasisi na sayi bindiga. Yanzu wurare da dama da nake sayayya sun kafa allo. Wani abokin aikina Bature ya ce abin da ke ɓoye ai ɓoye yake, in shige kawai. In bi shawararsa, in ƙaurace musu, ko in riƙa barin ta a mota? Daga ɗan'uwanku a Dallas.

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa. Shawarar abokinka ka bar masa kayarsa. Shi in aka kama shi, tara zai biya ya koma gida. Kai in takardunka katin zama ne, ba ka zama ɗan ƙasa ba, laifin da ya shafi makami yana iya biyo ka har teburin jami'an shige da fice. Ka kuma kula da jan allo mai lamba 51% a wuraren da yawancin cinikinsu giya ce da ake sha a nan take. Wannan babban laifi ne, ba na tara ba.

Ƙauracewa haƙƙinka ne, yadda hanawa take haƙƙinsu. In akwai wani kantin da ke da kayan, tafi can, ba sai ka yi wa yaron shago wa'azi ba, ba shi ya kafa allon ba. Ka kuma riƙa karantawa da kyau, don wurare da yawa 30.07 kawai suka kafa, kai kuwa taka a cikin riga take.

Inda ba makawa, kamar asibiti ko banki mai allo, sai mota. A nan ne mutane ke gudun gara su faɗa gidan zago. Ɓarayi sun san cewa filin ajiye motoci na wurin da ya hana bindiga cike yake da bindigogi, kuma aljihun gaban mota da ƙarƙashin kujera nan suke fara lalubawa. Ka sayi ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli, irin mai igiyar ƙarfe da ake zagayawa a ƙafar kujera. Ana samunsa ƙasa da dala 50. Na fi son mai lambobi a kan mai karanta yatsa, don batir yana mutuwa a zafin Texas. Ka saka ta a akwatin tun kafin ka iso, ba a filin ba inda ido ke kanka. Kuma in akwai sitikar kamfanin bindiga a gilashin motarka, ka ɓare ta yau.

Wurin aikinka kuwa, mai gidan man yana iya hana ka shiga da ita ciki, amma tun 2011 dokar ƙwadago ta Texas ta hana yawancin masu ɗaukar aiki hana ma'aikaci ajiye ta a kulle cikin motarsa.

Ina tuƙin Uber a Orlando, jihar Florida. Motar tawa ce. Zan iya ajiye bindiga a ciki? Ƙanena da ya zo karatu ma yana son ya saya.

Motar taka ce, manhajar tasu ce. Tun 2015 Uber ya hana direba da fasinja ɗaukar bindiga yayin aiki, takwaransa Lyft ma haka. Ba ɗaure ka za a yi ba, rufe maka asusu za su yi, ka wayi gari ba sana'a. Ka auna wanne ya fi maka.

Ƙanenka kuwa ka ja masa kunne. Dokar tarayya ta haramta wa mai bizar karatu ko ta ziyara mallakar bindiga da harsashi, in ban da 'yan keɓantattun hanyoyi kamar lasisin farauta. Ko taka ce kada ka bar masa a ɗaki, kada kuma ka saya da sunanka ka miƙa masa, don wannan kai ma zai ja maka shari'a a kotun tarayya.