Neman sunan kakan da bai dawo daga yaƙin Bama ba

Ka tambaya ko akwai inda za ka sami sunan kakanka wanda aka ɗauka soja zuwa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, a Yaƙin Duniya na Biyu, har aka gama yaƙin a 1945 ba a ji ɗuriyarsa ba. Akwai. Ka bincika rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wato CWGC, wadda take kyauta a intanet, domin a maƙabartar Taukkyan da ke kusa da birnin Yangon na ƙasar Bama an rubuta sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, ciki har da namu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

Sai dai kada ka dogara ga sunan da iyali suka sani, saboda na lura cewa Turawa sukan rubuta sunan yanka su haɗa da sunan gari maimakon na uba, kuma rubutun yakan karkace. Idan dattawan gida sun adana takarda ko tsohuwar wasiƙa mai ɗauke da lambarsa ta soja, da ita za ka fara. Allah Ya jiƙansa da rahama.