Kana ƙirga lita, mai saye yana ƙirga maiƙo

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, na zuba jari a kiwon ɓaunar ruwa guda 12 irin Murrah saboda madara, ƙanin matata ke kula da su. Ya ce ya ga ana zuba man waken suya a abincinsu madara ta ƙaru, na amince. Yanzu kowacce tana samun kusan lita ɗaya na mai a rana. Madara ta tashi daga lita 100 zuwa 108, amma kuɗin da kamfanin da ke saye yake biyana ya ragu. Ina zargin cutata suke yi. In sauya mai saye? Kuma ina shirin cin bashi in ƙaro guda 10.

Amsa: Alhaji, na karanta wasiƙarka ina neman abu guda ban samu ba: nawa ne maiƙon madararka kafin a fara zuba man, nawa ne yanzu? Ba ka faɗa ba domin ba ka sani ba, ba ka sani ba domin babu mai rubutawa. Nan ne ciwon yake, ka saki kamfanin nan ya huta.

Darajar madarar ɓauna a maiƙonta take. Tana ɗauke da kamar kashi 7 cikin ɗari, ta saniya kuwa ba ta cika wuce 4 ba, shi ya sa masu saye da yawa, kamar ƙungiyoyin makiyaya na Indiya, suke biya bisa maiƙo. Yi lissafi da kanka. Lita 100 mai kashi 7 ta ba da maiƙo kusan kilo 7. In man ya sauke shi zuwa kashi 6, lita 108 ɗinka kilo 6 da rabi ce. Ka ƙara lita takwas, ka rage abin da ake biyanka a kai, sannan ka sayi mai lita 12 kowace safiya don ka yi wa kanka wannan asarar.

Surukinka ba ƙarya ya shirga gaba ɗaya ba. Mai ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu, kuma kaɗan daga cikinsa yana taimaka wa dabbar da ta haihu tana ramewa. Yana ma ƙara wa madara irin kitsen da ba ya daskarewa, man da aka kaɗa daga cikinta ya fi laushi. Sai dai ɓauna da ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinta take narka ciyawa. In ɗanyen mai ya yi yawa sai ya lulluɓe harawar, ya kuma raunana ƙwayoyin nan. Abin da suke fitarwa daga ciyawa kuwa da shi hantsa take haɗa kaso mai yawa na maiƙon madara. Ga kuma wani sinadari da tumbi ke samarwa daga irin wannan man, musamman in dusa ta yi yawa ciyawa ta yi kaɗan, wanda ke hana hantsar yin maiƙo.

Ɓauna mai nauyin kilo 500 zuwa 600 tana cin kamar kilo 15 na abinci in an cire ruwansa. Dukan maiƙon da ke ciki bai kamata ya wuce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari ba, kuma ciyawa da tunkuza sun riga sun cinye rabin wannan. Abin da ya rage wa man da za a ƙara kamar rabin lita ne kawai. Ku kun ninka shi. Je ka duba da idonka, ina kyautata zaton za ka tarar suna barin harawa, tuƙa ta ragu, kashinsu ya yi ruwa.

Na san wani mai garke da ya sauya masu saye har ya gaji, yana kiran kowannensu ɓarawo, ya kai ga rigima da direban da ke ɗaukar masa madara. Ranar da aka gwada madarar a gabansa aka gano yaronsa ne ke kwarara ragowar man suya a kwamin abinci don a yaba masa. Takardun gwajin da ake ba shi kullum suna cikin aljihun mota, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan madara dai bai sani ba, fara ce ko da kashi 5 ko da 8.

Ka sayi littafi yau. Kowace rana a rubuta litar kowace dabba, abin da ta ci, man da aka zuba da awo, da maiƙon da takardar kamfani ta nuna. In ba ka yarda da gwajinsu ba, akwai gwajin Gerber, tsohuwar hanya ce mai sauƙi ta auna maiƙon madara, ka kai samfur wani wurin ka kwatanta. Littafin kai za ka riƙa dubawa duk mako, kada ka bar wa suruki shi ne mai zubawa shi ne mai ba da labari. A janye man a hankali cikin mako biyu zuwa uku, domin tumbi ba ya son sauyin gaggawa. In har ana bukatar ƙarin ƙarfi, ka tambayi likitan dabbobi game da kitsen da aka haɗa da sinadarin kalsiyam, wanda ke wuce tumbi ba tare da ya yi ɓarna sosai ba, ko angurya da awo.

Maganar bashi kuwa, ban ga abin da za ka nuna wa banki ba. Mutumin da bai san wace ce cikin 12 take ciyar da kanta ba, me zai yi da 22? Ka cika littafin wata uku, ka aiko mini da shafukan mu duba tare.