Me ya sa shafi ke tsayawa cak da zarar na ɗaga yatsa?

Tambaya: Malam, na sa tsarin Linux na Ubuntu a laftof ɗina. In na ja shafi da yatsu biyu a kan maus ɗin jikin laftof, a Firefox yana ci gaba da gangarawa har ya tsaya a hankali kamar a waya, amma a wasu manhajojin ina ɗaga yatsa yake tsayawa cak. Ko maus ɗin ne ya lalace?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau ɗan'uwa, don Allah kar ka kai wa mai gyara ya kwance maka shi a banza.

A da can akwai direban synaptics, wato 'yar manhajar da ke isar wa kwamfuta motsin yatsu a kan maus ɗin, shi ne da kansa yake ci gaba da turo motsin bayan ka ɗaga yatsu, shi ya sa ko'ina yake gangarawa. To amma yana da wata matsala mai ban haushi, ka watsa shafi yana gudu, sai ka danna Ctrl don ka kwafi wani abu, kafin ka ankara rubutun ya kumbura ya cika fuska saboda manhajar ta ɗauka zum kake so, tunda direban bai san me kake yi ba, turo motsi kawai yake. Ni wannan abin ya sha ɓata min aiki.

Da sabon direba mai suna libinput ya maye gurbinsa, wanda Peter Hutterer na kamfanin Red Hat ke jagoranta, sai aka ce direba ya daina wannan aikin. Shi dai ya faɗa wa manhaja cewa yatsu ne suka ja kuma ga lokacin da aka ɗaga su, ita manhajar ta gangara da shafin da kanta. A ganina wannan shi ne daidai, domin ita ta san inda shafinta ya ƙare. Illar kawai, duk manhajar da masu ita ba su rubuta wannan ɓangaren ba, cak za ta tsaya. Firefox da waɗanda aka gina da GTK, wato wani kayan gina manhajoji, sun yi, wasu har yanzu da saura.

Ka buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE. In ya nuna x11, wato tsohon tsarin nuna tagogi da ake kira Xorg, ka fita daga akawun ɗinka, wajen sa fasawod akwai 'yar alamar saiti mai kama da taya mai haƙora a ƙasa, ka zaɓi wanda aka rubuta Wayland a jikinsa, wato sabon tsarin, in babu shi kuma ka zaɓi Ubuntu ɗin da ba a rubuta Xorg a jikinsa ba, shi ne Wayland ɗin, can ne saƙon ɗaga yatsan yake isa da kyau. Can ne kuma za ka samu jan yatsu uku da GNOME 40, wato sigar fuskar teburin da Ubuntu ke amfani da ita, ya zo da shi a 2021, gefe ka sauya teburin aiki, sama ka ga duk tagogin da ka buɗe.